Layin Yaya Hashim

Aliero, ranar Lahadi

Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ƙaƙa jiki, ƙaƙa idon? Ina Anti Fadila da ɗiya? Allah shi sa kuna lafiya. Mu ma muna nan, in dai wanga zama namu ana ce mishi lafiya.

Ka ga abin da ka jawo min. Ni Raihana, da ko Inna na cikin ɗaki ina tsakar gida sai in tura mata saƙon murya, yau ni ce riƙe da biro. Na kira ka har wayata ta yi zafi. Sai Bashar direba ya ce min tun da anka yi maka aikin ido a Jega ba ka iya hawa mashin ka fito Maiyama neman sabis, ƙauyen da kake koyarwa kuwa ko sanda ɗaya waya ba ta kawowa. Wai likita ma ya hana ka kallon waya da kwamfuta. To ga takarda, Anti Fadila ta karanta maka. Anti, ki yi haƙuri da rubutuna, ni ma ba ko'ina nake ganewa ba.

Mun samu ta'aziyyarka da geron da ka aiko, Inna ta ce a gode maka. Har yanzu ba ta cin abinci sosai. Ka san Yaya Hashim ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunanshi ba, "wancan" take cewa. Yanzu ma haka. Sai ta zauna ta ce, "Wancan bai sha kunun da na dama mishi ba." Zazzaɓi ne fa kawai, Yaya. Ya dawo daga fadama ya ce kanshi na sarawa, kafin mu gane abin da ake ciki mun rasa shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna fayil ɗin Eksel da ka yi ma ƙungiyar manoman rani, lokacin da kake karatu nan kana kwana zaurenmu kana cinye muna tuwo? Har yau da shi ake aiki, kuma ni ke zama gaban kwamfutar, tun da na bar makaranta Alhaji Ya'ƙub shugaban ƙungiya ya ɗauke ni. Kowane manomi da layinshi da filin da anka ba shi a fadama. An kusa taron rabon fili kafin dashen albasa, Alhaji ya ce in gyara komi in buga mishi. Ke nan sai in je layin Yaya Hashim in zaɓi "ya rasu". Kullum sai na buɗe, in na kai hannu sai in rufe in shiga Tiktok, ina kallo ban san mi nake kallo ba.

Dokar ƙungiya ka san ta. In mutum ya rasu filin na ɗanshi ne, in babu ɗa a ba na gaba cikin masu jira. To Hamsatu matar Yaya ba ita kaɗai ba ce. Ka gane. Tun kafin Yaya ya rasu iyayenta sunka ɗauke ta zuwa Jandutsi, can za ta sauka, can take takaba. Mata duk sun sani, mazan ma na san sun sani, amma na fari ne, ba mai buɗe baki. Akwatin da ake rubuta sunan magaji kuwa na danna ya ƙi, a kulle yake. Ko ya buɗe ma mi zan rubuta? Wanda bai zo ba ai ba shi da suna.

Filin ga shi ne abincin gidanmu tun rasuwar Baba. Irin da Yaya ya yafa da hannunshi ya fito kore shar, maƙwabcinshi na fadama ke ba shi ruwa, yayan Hamsatu kuma ya ce in filin ya tsaya shi zai noma muna. Ka gaya min abin da zan yi.

Kuma ka yi sauri. Kar ka manta kakana namiji ne, kakarka ƙanwarshi ce, jikan mace kuwa bawa ne har da digirinshi.

Uwar ɗakinka,
Raihana

*

Ƙauye, bayan Maiyama, ranar Laraba

Raihana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ido ɗaya ya fara ganin haske, ɗayan an ce sai an sake dubawa. Fadila ke rubutawa ina faɗa. Ki gaida Inna, ki ce mata kullum Hashim na cikin addu'ata. Ɗaki ɗaya muka kwana da shi shekaru, ban san ranar da ya ɓata min rai ba. Batun bauta kuma za mu yi shi idan na warke. Wadda ta gudu daga makaranta saboda lissafi ba ta ajiye bawa.

Ki kwantar da hankalinki, abin nan an yi masa tanadi. Ki karanta a hankali, ba irin karatun da kike yi ma saƙon waya ba.

Shafin nan a kulle yake gaba ɗaya, ni na sa masa kariya. Kina ƙarama lokacin, amma da a littafi ake rubutawa, wani ya goge sunan wani ya sa na ɗan'uwansa, har aka kusa fidda wuƙa a fadama. Dattawa suka yi rantsuwa cewa daga ranar abin da kwamfuta ta buga shi ne magana, babu gyaran biro, babu alfarma. Shi ya sa na rubuta wani ɗan umarni a cikin fayil ɗin, ana ce masa makaro. Ki ɗauke shi kamar maigadi mai riƙe da makulli. Idan kika zaɓi "ya rasu", shi zai cire kariyar, ya kulle layin mamacin, ya buɗe akwatin magaji shi kaɗai, ya mayar da kariyar, duk kafin ki ɗaga yatsa. Idan kika rubuta suna a akwatin, ya kulle shi. Idan kuwa kika rubuta "ana jira", zai bar shi a buɗe, ƙungiya kuma ta riƙe ma gidan filin har shekara ta zagayo.

Wannan "ana jira" ɗin ba dabarata ba ce, ta Hashim ce. Ina haɗa fayil ɗin a zaurenku yana cin gyaɗa, ya ce min, "Malam, mutanenmu ba za su miƙe cikin taro su ce matar wane na da ciki ba. Ka yi musu wurin da za su sa alama kawai, kowa ya gani ya gane ya yi shiru." Haka kuwa ake yi. Ba a taɓa tambayar wa ake jira ba.

Abu biyu za ki kiyaye. Na farko, a kwamfutar ofis za ki yi, idan kin buɗe za ki ga wani layi rawaya a sama, ki danna maɓallin da ke jikinsa, shi ke tada maigadin. Na biyu, kada ki buɗe fayil ɗin nan a waya. Na san ki. Waya ba ta san maigadin ba, wata manhajar ma idan ta yi sebin, wato ta ajiye aikin, sai ta jefar da shi waje ta bar ki da shafi a kulle.

Allah Ya sauki Hamsatu lafiya.

Yayanki,
Shamsuddeen

Ni ce Fadila. Rubutunki kam sai da na sa shi ya yi ta cankar kalmomi, ya yi dariya karo na farko tun aikin. Ki riƙa rubutowa.

*

Aliero, ranar Asabar

Yaya Shamsuddeen,

Salamu alaikum. Da fatan jiki na sauƙi, da fatan Anti da ɗiya na lafiya. Mu nan Inna ta kwanta da ciwon kai amma ta tashi.

To na gode. Na yi ta leƙen tasha har masu shayi sun fara tambayata ko wani saurayi nake jira. Ba kai ba labarinka, Bashar ma ban gan shi ba. In ba ka son amsawa ai sai ka ce. Ko don Yaya Hashim ba shi nan shi ya sa zumuncin ya yi sanyi? Na faɗa, in ka ji haushi ka taho ka rama.

Ba komi, na yi abuna da kaina. Alhaji Ya'ƙub ya matsa min, kullum sai ya turo a tambaye ni, ga taransifomar unguwar ofis ta ƙone, janareto kuma shina wurin gyara. Sai na tuna ai ina da fayil ɗin a Wasaf, komi na ofis ina tura ma kaina don tsaro. Na zauna shagon cajin waya na buɗe shi. In gaya maka gaskiya, Yaya, a waya abin ya fi min sauƙi. A kwamfuta sunan Yaya Hashim ƙato ne, kamar shina kallona. A waya ɗan mitsitsi ne, sai na ji kamar sitatus nake sakawa, gobe zai ɓace. Na rufe ido na danna "ya rasu". Wayar ta kawo wani dogon Turanci da na zo yin sebin, wai wani abu game da irin fayil, na danna to, don ina jin hawaye na tahowa ga mutane cike da shago.

Da anka gyara janareto na ɗora sabon kan kwamfuta, na goge tsohon don kar su rikita ni, na Wasaf ma na goge, har kwandon sharar kwamfutar na share. Ka san ni da tsafta. Na buga ma Alhaji, an manna takardar a bangon ofis yadda anka saba kafin taro, kowa na zuwa duba layinshi.

Abu ɗaya ne dai. Akwatin magajin har yanzu bai buɗe ba, fanko ya fito a takardar. Kuma wanga layi rawaya da ke fitowa sama kullum ina danna shi, ya daina fitowa. Ni dai na ji daɗi ma, dama damuna yake. Halan wani ɗan abu ne ka gaya min in danna?

Na ga Malam Rufa'i tsaye gaban takardar jiya. Ka san shi, mai gyaran injin ban ruwa, shi ne na farko cikin masu jira, tun ina makaranta yake jira. Ya daɗe shina kallon layin Yaya, ya juyo ya gan ni, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri, ɗiyata," ya yi sauri ya wuce. Na bi shi da kallo har ya ɓace.

Ka amsa min ko da layi biyu ne.

Raihana

*

Aliero, ranar Talata

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yafe min maganar da na yi ta zumunci. Anti Fadila, in ba ki riga kin karanta mishi wancan wurin ba ki tsallake.

Yau Bashar ya kawo min takardarka duk ta yi maiƙo. Ashe lodin albasa ya samu zuwa Kudu, ya tafi da ita cikin aljihun mota ya manta, tawa ta biyu ma wani direba na ba ya kai maka. Na karanta a tsaye bakin tasha. Da na kai wurin da ka ce kar in buɗe a waya sai da na nemi benci na zauna. Bashar shina ta ba ni haƙuri, bai ma san haƙurin mi yake ba ni ba.

Na koma ofis na rufe na buɗe, na kashe kwamfutar na kunna. Babu rawaya. Na shiga Yutub na kalli wani Ba'indiye har datata ta ƙare, na tambaya a wani gurup na Fesbuk, wani ya ce in turo fayil ɗin, wani ya ce in turo hotona. Abin da na fahimta dai shi ne na kori maigadin da hannuna, ya tafi da makulli.

Amma in na danna akwatin kwamfutar na tambayar lambar sirri. Ai kai ka sa ta. Ka rubuto min ita kawai in buɗe in sa "ana jira" in rufe. Bashar ya yi min rantsuwa hannu da hannu zai kai maka wagga.

Da na ga Yaya Hashim ne ya kawo shawarar, na rasa inda zan sa kaina. Ya gina ma ɗanshi wuri tun bai yi aure ba, ni na zo na toshe.

Raihana

*

Ƙauye, bayan Maiyama, ranar Alhamis

Raihana,

Wa alaikumus salam. Muna gaida Inna. An sa min ranar aikin ido na biyu, an ce in zauna wuri ɗaya, ko sunkuyawa kada in yi.

Takardunki biyu kusan tare suka iso. Ba na jin haushinki, ni ya kamata in aiko da wanda ya fi Bashar natsuwa.

Lambar sirrin ba ta kaina. Ban taɓa haddace ta ba. Ranar da na sa ta, dafa madannan na yi kawai yadda suka zo, na kwafe abin da ya fito na saka cikin makaro. Da gangan na yi. Na san wata rana wani babba zai kira ni gefe ya ce in buɗe masa, ina so in iya rantsewa cewa ban sani ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ke ce za ki tambaya ba.

Za ki ji ana cewa masu shagon kwamfuta na iya fasa kariyar. Gaskiya ne, ba wuya. Kada ki yi. An riga an manna takarda, kowa ya ga akwatin fanko, Rufa'i ya gani. Idan gobe aka ga rubutu a ciki, ke ce ƙanwar mamacin kuma ke ce mai kwamfutar. Ba filin kaɗai za ku rasa ba, har sunan gidan, ƙungiyar kuma ta koma inda ta fito.

Hanya biyu ce. Akwai tsohon kwafin fayil ɗin da maigadinsa a wani filash nawa, ina jin yana cikin akwatin littattafaina a gidan mahaifiyata a Jega. Fadila za ta je nema da zarar an yi aikin. Tsoho ne, za ki sake shigar da abin da ya canza, amma yana aiki. Kafin nan ki je wurin Alhaji Ya'ƙub ki gaya masa abin da ya faru da fayil ɗin, kada ki ɓoye. Hanya ta biyu kuma, wani daga gidanku ya miƙe ranar taro ya faɗi abin da ake ciki da baki. Ba haramun ba ne, Raihana, kunya ce kawai. Ki lallaɓa Inna.

Yaushe ne taron? Ba ki faɗa ba.

Shamsuddeen

*

Aliero, ranar Litinin

Yaya Shamsuddeen,

Salamu alaikum. Allah shi sa a yi aikin a sa'a. Anti Fadila sannu da ɗawainiya, Allah shi biya ki. Inna na gaishe ku.

Taron sai bayan sati biyu anka ce, to akwai lokaci in Allah ya so.

Na je wurin Alhaji Ya'ƙub, na gaya mishi komi game da fayil ɗin. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min. Ya ce, "Ke da wayar ga taki, wata rana a cikinta za a ɗaura miki aure." Na ce Baba Alhaji akwai abin da ya kamata in rubuta a akwatin. Ya kalli ƙasa ya ce, "Na san abin da ya kamata ki rubuta." Ka ji fa, ya sani. Na ce to in sa da biro mana kai ka sa hannu. Ya ce, "Ɗiyata, ni na riƙe Alƙur'ani ranar da munka yi rantsuwa. Hashim kamar ɗa yake gare ni, shi ya sa ma ba ni iyawa. In kwamfuta ta buɗe da kanta gaban mutane, ki rubuta, ba mai cewa uffan. In ba ta buɗe ba, zan tambaya ko akwai mai magana daga gidanku. Wanda ya miƙe ya faɗa, an ji. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Na dawo gida na samu Inna tana tankaɗe. Na zagaya na zagaya, na ce Inna ko za ki aika ma Alhaji ya faɗa a taro cewa Hamsatu, ban ma ƙarasa ba ta aje rariyar. Ta ce, "Ke ba ki da kunya? Abin wancan ne fa, kuma na fari. In sa a ɗauki abin da ke ɓoye a kai shi gaban maza ana juya shi da baki? Na rasa ɗaya, ba ni kai ɗayan bakin mutane tun bai sha iska ba." Na ce Inna filin fa. Ta ce, "Filin Allah ne." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, garin na zuba a ƙasa.

Na kira yayan Hamsatu. Ya ce shi ba ɗan ƙungiya ba ne, kuma ƙanwarshi ce, ta wane baki zai fara? Ka san mutanen Jandutsi ɗin nan nasu, kunyarsu ta fi tamu. Wai ko a gida ba su cewa komi, sai dai "baƙon da ake jira".

Zan gaya maka wani abu, kar ka yi faɗa idonka ya tashi. Na je Jega, amma ban biya gidan mahaifiyarka neman filash ba, don kar a tambaye ni abin da ya kawo ni. Akwai wani mai shagon kwamfuta kusa da tasha, na nuna mishi a wayata, ya yi dariya ya ce wannan ai kafin in sha ruwan leda ya gama. Kuma ya gama ɗin. Ya juyo min kwamfutarshi, Yaya, komi a buɗe. Layin Alhaji, layin kowa, jerin masu jira da sunan Malam Rufa'i a sama. Ya ce, "Wanne za a gyara, hajiya? Ko duka?" Akwai wasu mutum biyu zaune suna jiran hoton fasfo, ɗaya na san fuskarshi a kasuwar albasa. Na ce ya goge. Ya ce aikin banza na sa shi ke nan? Na ce e. Na tsaya har ya goge a gabana. Cikin mota na yi ta kuka, wata tsohuwa ta ba ni goro ta ce in yi haƙuri maza duk haka suke.

Irin Yaya ya yi tsawo, ya isa dashe. Na ɗauki hotonshi na sa a sitatus, ban rubuta komi ba.

Anti, don Allah filash ɗin.

Raihana

*

Jega, ranar Juma'a

Raihana,

Salamu alaikum, ni ce Fadila. An yi aikin lafiya, yana kwance an rufe idon, an hana shi yawan magana amma bakinsa bai daina ambaton filash ba. Na zazzage akwatin littattafan nan kaf ban gani ba, ashe Hajiya mahaifiyarsa ta ɗauka ta sa cikin gwangwanin allura, wai ta zaci layar wani ce. Ga shi na naɗe a cikin takardar nan. Ya ce a kwamfutar ofis, ki danna rawaya. Ya ce in sake rubutawa: a kwamfutar ofis. Tun da kin ce akwai sauran lokaci, in sha Allahu ya isa. Ki gaida Inna.

Fadila

*

Aliero, ranar Laraba

Yaya Shamsuddeen, Anti Fadila,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah shi ƙara sauƙi, shi sa idanun duka biyu su buɗe tar. Ku yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba. Inna lafiya lau, tana Jandutsi ma yanzu haka.

Filash ya iso, wanga karo Bashar bai yi laifi ba. Taron ne anka matso da shi. Manoma sunka ce iri na tsufa a fadama ba su iya jira, anka yi shi ranar Alhamis, takardarku ta zo Asabar.

Ina wurin, a lungu bayan kwamfuta, ni kaɗai ce mace. Alhaji ya bi layi layi har ya zo kan na Yaya. Ya ce in danna akwatin kowa ya gani. Na danna, kwamfutar ta yi ƙararta ta ƙi. Ya ce, "Akwai mai magana daga gidan Hashim?" Wurin ya yi tsit. Wallahi Yaya na shirya maganar tun a gida, har a madubi na gwada. Na ɗago kai na ga abokan Baba, na ga limamin unguwarmu, duk sun sunkuyar da kai, kowa ya sani, kowa na jiran wani. Alhaji ya sake tambaya, a hankali, shina kallon inda nake. Ni da ake cewa bakina ba shi da burki. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ji muryar Inna cikin kunnena. Sai Alhaji ya ce, "To. Rufa'i."

Malam Rufa'i bai yi murna a fili ba. Ɗiya takwas gare shi, bai taɓa samun ko fangali ɗaya na shuka nashi a fadama ba, ban iya jin haushinshi. Da yamma ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama ya daɗe a tsaye. Inna ta aika mishi cewa ya cire irin wancan ya dasa kar ya lalace. Ya ce a gaya mata ya karɓa, kuma fangali biyu na bakin rijiya ba nashi ba ne, in an cire albasa zai kawo. Inna ta ce Allah shi yi albarka. Fangali biyu ba su riƙe gida, Yaya, kai ma ka sani. Na fara tambayar aikin ɗaurin kaya a kasuwa bayan na tashi ofis.

Hamsatu ta sauka ana gama dashe. Namiji. Jiya anka yi suna, an mayar da sunan babanshi. Ka ga Inna ta sake samun wanda ba ta iya kiran sunanshi. Audi ake ce mishi tun da bai tarar da uban ba. Goshin Yaya ne sak. Yanzu kam kowa na faɗa, har waɗanda sunka sunkuyar da kai ranar taro sun je barka.

Yau da safe na sa filash ɗin a kwamfutar ofis don in mayar da aikin ƙungiya kan fayil mai maigadi, Alhaji na zaune gefena. Rawaya ya fito, na danna. A tsohon kwafin nan, Yaya Hashim na da rai, layinshi lafiya lau. Sai da na sake zaɓar "ya rasu", wanga karo da manyan baƙaƙe, idona a buɗe. Ban ɗaga yatsa ba akwatin magaji ya buɗe, kamar yadda ka ce. Na zauna ina kallonshi. Alhaji ya cire hula ya mayar, ya ce, "An riga an raba, ɗiyata."

Na ce na sani. Na ce Baba Alhaji, dokar masu jira ta faɗi shekaru? Ya yi tunani ya ce ba ta faɗa ba, ɗan gari dai. Na gangara can ƙasan jerin, bayan mutum na ƙarshe, na rubuta Hashim Hashim. Maigadinka ya kulle shi nan take.

Layin na da tsawo. Yadda Malam Rufa'i ya jira, ina jin kafin a zo kan Audi ya isa riƙe fartanya.

In idon ya warke ka taho ka gan shi. Kar ka zo hannu biyu, bawa ba shi zuwa gaida ɗan ubangidanshi haka nan.

Taku,
Raihana